Wuta-wuta iri biyu a gonar wake ɗaya, korar juna suke?

Assalamu alaikum manoma da malaman gona. Gonar wakena a yankin Ringim ta kamu da wuta-wuta iri biyu: Alectra mai fure ruwan ɗorawa, da Striga gesnerioides mai ƙaramin fure shuɗi-shuɗi. Duka saiwar wake suke tsotsa. Abin da ya ɗaure min kai, gefen jigawa mai shuɗin ce ta mamaye, wajen kwari mai danshi kuwa ɗorawar ta fi yawa. Korar juna suke, ko ƙasar ce ke raba su? In na tuge ɗaya kafin ta zubar da iri, ɗayar za ta samu fili? Ƙwayarsu kamar ƙura, tana iya haura shekara 10 a ƙasa. Takin shanun da suka ci harawa ne ke yaɗa min su, ko garmar aro? Don Allah a taimaka.