Horar da shugabannin taron gida a Gadarif ya ci tura

'Yan'uwa cikin Almasihu, a taimaka da shawara. Tun ɓarkewar yaƙi a nan Sudan a Afrilun 2023 taron addu'armu na gida ya cika, ɗaki ya yi kaɗan. Tsarin da muka yi don horar da sabbin shugabanni shi ne mataimaki ya yi wata 3 yana kallo, wata 3 yana jagoranci a gaban dattijo, sannan a raba taron biyu.

Ga inda ta cije: matasan da suka cancanta Larabci suke karantawa, ba su iya karanta Hausar boko ba, tsofaffi kuwa sai da Hausa wa'azi ke shigarsu. In saurayi ya karanta ya fassara, darasin minti 40 sai ya haura awa ɗaya, shayi ya huce, tsofaffi na gyangyaɗi.

A fara koya musu karanta Littafi Mai Tsarki da boko ne, ko a raba bisa harshe? Fastocinmu, rabawar ba za ta nesanta yara da iyayensu ba?