Wai da gaske ido na iya nuna maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa?

Ummin_Yara:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu aikin lafiya ku fahimtar da ni. An ce idan yaro ya faɗa doguwar suma ana leƙa cikin idonsa da fitila a gane ko maleriya ce ta hau masa ƙwaƙwalwa. To ni abin da ya ɗaure min kai, ba ga gwajin jini nan ba? In gwaji ya nuna akwai maleriya kuma yaro a sume yake ai magana ta ƙare, me ya kawo ido ciki kuma?

LikitanDare:
Wa alaikissalam 'yar uwa. Maganar ba ta ƙare ba wallahi, nan ma ta fara. A wuraren da sauro ya yi yawa yara da dama na yawo da ƙwayar maleriya a jini suna wasansu lafiya lau, to irin wannan yaron in sanƙarau ya kama shi ko sukarin jininsa ya faɗi ko ya sha wani abu mai guba ya suma, gwaji zai nuna maleriya, sai kowa ya ce ai ita ce alhali ba ita ta kwantar da shi ba. A Blantyre ta ƙasar Malawi Terrie Taylor da abokan aikinta sun binciki gawarwakin yara 31 da aka ce maleriyar ƙwaƙwalwa ce ta kashe su, suka tarar 7 wani abu ne daban, an buga wannan a 2004. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu kenan fa.

Shi kuwa tantanin da ke can bayan ido asalinsa ɗaya da ƙwaƙwalwa tun a ciki, ƙananan jijiyoyinsu ma kusan iri ɗaya ne. Ƙwayar maleriya mai suna falsifarum tana sa jajayen ƙwayoyin jini su manne a bangon jijiya su toshe hanya, abin da ke faruwa a kai shi za ki gani a ido. Za ki ga fari-fari a tantanin, jijiyoyi sun koma ruwan lemo ko fari, ga ɗigon jini mai farin tsakiya. Farin nan da canjin launin jijiya su ne suka fi nuna maleriya. In kuma kan jijiyar gani ya kumbura to lamarin ya yi tsanani. Susan Lewallen da tawagarta suka fara bayyana alamomin a 1993, a Malawin dai.

Sista_Mai_Haƙuri:
Likita bayaninka ya yi, amma mu faɗi gaskiya, ƙaramin asibiti nawa ne ke da wanda ya iya wannan dubawar? Sai an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido an jira, kuma ƙaramar fitilar hannu ba ta kai gani gefe-gefe inda farin ke yawan ɓuya, babbar da ake ɗaurawa a ka kuma ga tsada ga wuyar koyo. Sannan bayan an ɗiga maganin za a yi awanni ba a iya bin motsin ƙwayar idon yaron, dole a rubuta a kati kar mai karɓar aiki ya tsorata.

LikitanDare:
Haka ne Sista. Shi ya sa ake ta ƙoƙarin kawo masu sauƙi, akwai ƙaramar fitilar duba ido Arclight mai caji da hasken rana, wasu kuma na gwada kamarar waya da manhajar da ke karanta hoton. Amma koyon na buƙatar ido ya saba.

Ummin_Yara:
To in babu mai dubawa a jira kenan?

Sista_Mai_Haƙuri:
A'a 'yar uwa ko kusa, ba a jira! Yaro a sume ga maleriya a jini, allurar atesunet (maganin maleriya mai tsanani) ta jijiya nan take, a auna sukari, a tsayar da jijjiga, a ba da maganin sanƙarau har sai an tabbatar babu shi. Amfanin duba idon ya fi fitowa ne in aka leƙa aka ga tas, lokacin ne za a tashi tsaye a ɗebi ruwan ƙashin baya a nemi ainihin abin da ke damun yaron, atesunet ɗin kuma ana ci gaba da ba shi.