Lupus a cikin Turawa: laifin HLA-DR3 ne ko ƙarancin C4A?

Zainabu_ɗaliba:
Assalamu alaikum malamai. Littattafai na cewa a cikin Turawa HLA-DR3 da DR15 ne manyan ƙwayoyin gadon da ke jawo lupus (ciwon da garkuwar jiki ke kai wa jikin mai ita hari), kowanne na ninka haɗarin kusan sau biyu. Wasu kuma na cewa ƙarancin C4A, ɗaya daga cikin nau'i biyu (A da B) na ƙwayar gadon C4, ne tushen matsalar. Wanne za a kama? Kuma gwajin gado zai iya nuna wanda zai kamu?

Dakta Bashir:
Wa alaikumus salam Malama Zainabu. DR3 da C4 maƙwabtan juna ne a kan kuromosom na 6. A Arewacin Turai akwai wani ƙunshin gado da ake kira 8.1, wanda iyaye ke miƙa wa 'ya'ya a dunƙule: HLA-A1, B8, DR3, kuma babu C4A a cikinsa. Tunda kusan kullum tare ake ganinsu, lissafi ya kasa bambance mai laifi da abokin tafiyarsa.

A 2020 wani bincike a mujallar Nature ya warware ƙullin ta hanyar haɗa Turawa da baƙaƙen Amurka, waɗanda a jikinsu C4 da HLA ba su manne haka ba. Sai aka ga yawan kwafin C4 na bambanta haɗarin har ninki bakwai, kuma C4A ya fi C4B ba da kariya. DR15 kuwa nasa tasirin daban yake.

Dalilin a fili yake. Aikin C4 shi ne liƙa alama a kan tarkacen matattun ƙwayoyin jiki domin a kwashe su. In ya yi ƙaranci, tarkacen ya daɗe a jini, garkuwar jiki ta riƙa cin karo da DNA ɗin mai ita har ta ɗauke shi baƙo. Shi ya sa cikin waɗanda aka haifa babu C1q sam (abokin aikin C4 a wannan kwashe tarkace), kusan tara cikin goma ke kamuwa.

Malama Hadiza:
Ƙari a kan bayanin Dakta: yawancin mutane kwafi huɗu na C4 gare su, amma yana kamawa daga biyu zuwa takwas. Gwajin gado da aka saba, na SNP (bambancin harafi ɗaya a DNA), ba ya ƙirga kwafi, sai an yi gwajin ƙirga kwafi na ddPCR ko qPCR da ke bambance A da B. A asibiti ma a kula: C4 ɗin jini kan sauka don ciwo ya tashi yana cinye shi, amma mai ƙarancin kwafi nasa a ƙasa yake ko yana lafiya. A duba shi tare da C3 (ɗan'uwan C4 a jini) da anti-dsDNA (garkuwar da ke kai wa DNA hari) kafin a ƙara magani.

Sauran ƙwayoyin gado irin su IRF5, STAT4, ITGAM da BLK kowanne ɗan tura haɗarin yake yi. Binciken 2015 mai majinyata 7,219 da masu lafiya 15,991 ya lissafo wurare 43 a cikin DNA masu alaƙa da lupus. Inda ake tuntuɓe shi ne R620W, wani sauyi a ƙwayar gadon PTPN22: ya fi kashi 10 cikin ɗari a Finlan, ya yi ƙasa sosai a Italiya. In majinyatan bincikenki 'yan arewacin Turai ne, masu lafiyar 'yan kudancinta, za ki ga alaƙar da asalin mutane ya haifar, ba ciwon ba.

Dakta Bashir:
Tambayarki ta biyu, amsar a'a ce. Tagwayen ƙwai ɗaya, in ɗaya ya kamu, kusan kashi 24 cikin ɗari ne ɗan'uwan ke kamuwa, na ƙwai biyu kuma kashi 2. Mata ne tara cikin goma na majinyata, kuma ƙwayar gadon TLR7 da ke kan kuromosom X, wanda mata ke da biyu, na cikin dalilan. Maza masu ƙarin X (XXY) haɗarinsu ya kusa na mata. Gano ciwon har yanzu da alamomi ne da gwajin ANA (gwajin jini mai neman garkuwar da ke kai wa cibiyar ƙwayoyin jiki hari), wanda ƙa'idar rarraba lupus ta 2019 ta sa matakin 1:80 a matsayin ƙofar shiga.

Don Allah kada a ɗora ma'aunin Turawa a kan mutanenmu. R620W kusan babu shi a Afirka ta Yamma. A nan abin dubawa shi ne ƙwayar gadon APOL1: mai kwafi biyu na nau'insa G1 ko G2, in lupus ya taɓa masa ƙoda, ya fi saurin kaiwa ga wankin ƙoda.