Mararraba, Mpape ko Kubwa: ina zan ajiye iyali?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi mini canjin wurin aiki daga Zariya zuwa Abuja, ofishinmu yana Garki. Yanzu ina raɓe a ɗakin wani abokina a Nyanya, maiɗakina da yara uku suna gida, biyu 'yan firamare ne. Na zaga da dillalai. Kuɗin da zai kama mini gida mai ɗaki biyu da falo a Masaka, ko ɗaki ɗaya ba zai biya ba a Garki, ga la'adar dillali, ga masu cewa sai kuɗin shekara biyu a dunƙule. Amma hanyar Keffi ta tsorata ni: ana idar da sallar asuba motoci sun cushe tun daga Mararraba har mahaɗar AYA da ke Asokoro. Wani ya ce in duba Mpape. Don Allah waɗanda suka daɗe a garin nan, ina ya fi? Kuma ga fili fetal cikin birni, ciyawa ce kawai, me ya sa ma'aikaci sai ya kwana a wata jiha?

Baba na Suleja:
Wa alaikumus salam, ɗana. Filin da kake gani yana da mai shi, takardarsa na cikin akwati, jira yake ya ƙara tsada. Tun dokar da Janar Murtala ya kafa a 1976, duk ƙasar Babban Birnin Tarayya ta koma hannun gwamnatin tarayya, minista ne ke ba da fili. Ba kamar Zariya ba ce, inda za ka saya wajen magada, mai unguwa ya shaida, ka riƙa ɗora bulo kaɗan-kaɗan. Garki, Wuse, Maitama da Asokoro aka fara ginawa, da aka taso daga Legas a Disamban 1991 kuwa jama'a suka fi gidajen yawa. Rusau na zamanin da El-Rufai yake ministan Abuja, tsakanin 2003 da 2007, ya ƙara tura talaka waje.

To ina za shi? Sai bakin iyaka. Mararraba da Masaka jihar Nasarawa ce, mu nan jihar Neja. Taku kaɗan ka tsallake, dokar fili ta canza, shi ya sa gini ya yi ta tsirowa ba tsari, ba magudanar ruwa, titi ɗaya tal. Garinmu ma shi ne Abuja na asali, aka karɓi sunan muka zama Suleja, yau 'ya'yanmu ke sammakon zuwa can neman abinci. Ni ban ga adalci a tsarin da ya tanadi ofisoshi ya manta da masinja da direba ba.

Maman Walid:
Malam, a Mpape nake, gaskiya zan faɗa maka. Kusa kam akwai kusa, kana gangarowa sai Maitama. Amma a kan dutse muke zaune. Rijiya ba ta haƙuwa a wurare da yawa, da rani 'yan garuwa ne ke riƙe da mu, kuma mai yara uku ya san abin da wanki ke ci. Ga ƙurar masu fasa dutse da manyan motocinsu. A 2018 har ƙasa ta yi motsi, mutane suka firfito waje. Gidaje da dama ba su da takarda, kullum ana zaman ɗar-ɗar. In za ka kama, ka zo da uwargida ta gani da idonta, ita ce za ta wuni a ciki.

Direban Zuba:
Yallaɓai, Kubwa. Hayarta ta fi ta Masaka tsada, ban musa ba, amma titinta mai faɗi ne, kuma wasu unguwannin suna samun ruwan famfo daga madatsar Usuma. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ba a lissafin haya ita kaɗai. Ka haɗa kuɗin motar wata goma sha biyu a kai, ka sa har da na babur daga bakin titi zuwa ƙofar gida. Fasinjojina da yawa sun gudu nesa don arha, yanzu kwana suke a ofis ko masallaci, sai Juma'a su ga 'ya'yansu.

Abban Khadija:
Allah ya saka da alheri, Baba, Hajiya da Malam Direba. Na cire Mpape saboda ruwa, ƙaramarmu kuma ba ta jure ƙura. Ranar Asabar zan leƙa Kubwa da Dutsen Alhaji. Ko akwai wanda ya san unguwar da ke da firamare da islamiyya kusa, wadda yara za su iya zuwa da ƙafa ba sai sun tsallaka babban titi ba?