DNA na mai masauki ya danne na bakteriya: yaya kuka yi da naku?

Mai_Saiwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a kan bakteriyar da ke zaune a cikin saiwar shuka, wato shukar ce mai masaukinta, ba ta ƙasar da ke kewaye ba. Na wanke saiwa, na niƙa, na ciro DNA, na yi PCR (hanyar kwafar wani yanki na DNA ya yi yawa) na 16S, yankin DNA da ake gane bakteriya da shi, da firaimar 515F/806R (gajerun guntayen da ke nuna inda za a kwafa). Da sakamako ya dawo, kusan duk abin da injin ya karanto DNA ne na kuloroflas da maitokondiriya, ƙananan sassan da ke cikin ƙwayoyin shukar kanta, bakteriyar kuwa 'yan tsiraru. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari don Allah.

Ganye_da_Tushe

Wa alaikumus salam Malam. Firaimar ba ta yi laifi ba. Kuloroflas asalinsa sayanobakteriya ne, wato bakteriya mai haɗa abinci da hasken rana, maitokondiriya ma daga bakteriya ta fito, kuma har yau suna ɗauke da 16S irin na kakanninsu. Ni a ganye na gamu da wannan, inda abin ya fi muni. PNA ce ta fitar da ni, hanyar da Lundberg da abokan aikinsa suka wallafa a 2013: guntun abu ne da ke manne wa 16S na shukar ya hana a kwafe shi. Sai dai ka fara duba 16S na kuloroflas ɗin shukarka, don a wasu dangin shuka harafi ɗaya na jerin DNA ɗin ya bambanta, PNA ɗin ba ta kamawa sosai. Na kuma gwada firaimar 799F/1193R. Tana kauce wa kuloroflas, maitokondiriya kuma ta fito da tsawo daban, sai ka yanke na bakteriyar daga jel ɗin da ake ware guntayen DNA bisa tsawonsu. Amma duk sayanobakteriyar da ke samfurin ta tafi ke nan.

Yar_Kwari

Nawa ya ɗan bambanta, don ban yi 16S ba, DNA ɗin gaba ɗaya na karanta daga afid, ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye. Jinom (wato dukkan DNA) ɗin Buchnera, bakteriyar cikinsu wadda ke ƙera musu amino asid ɗin da abincinsu ya rasa, harufa kusan dubu 640 ne kacal, na ƙwaron kuwa ya haura miliyan 400. Na ɗauka ba zan ga komai ba. Ashe kowace ƙwayar Buchnera tana riƙe da kwafin jinom sama da 100, sai ga jinom ɗinta ya haɗu tsaf ba tare da na cire komai ba. Waɗanda suka ba ni wuya su ne ƙananan baƙi, wato sauran bakteriya irin su Hamiltonella da Regiella, masu ƙarancin yawa. Sai da na ƙara zurfin karatun kafin su fito da kyau. Shi ya sa nake cewa kafin ka hau cire na mai masauki, ka san wa kake nema tukuna.

Murjani_22

Ku gode wa Allah, ku da mai masauki ɗaya kuke fama. A murjani akwai dabbar, wadda a Acropora digitifera jinom ɗinta ya kai harufa miliyan 420, ga kuma algar da ke cikin ƙwayoyinta mai jinom sama da biliyan 1, sannan bakteriya ta zo ta uku. Na yi tacewa, na juya a santirifuj don manyan ƙwayoyi su kwanta. Kason bakteriya ya ƙaru, amma bakteriyar Endozoicomonas ta ragu ƙwarai idan na gwada da samfurin da ban taɓa ba. Ita dunƙulewa take yi a cikin naman murjanin, sai ta kwanta tare da shi. Wato wadda ta fi kowa zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da mai masaukin ita na fara zubarwa.

Dakin_Gwaji

Abu ɗaya nake so in ƙara. Idan ka yi nasarar cire na shukar, abin da ya rage kaɗan ne, kuma a nan DNA ɗin baƙin bakteriya da ya gurɓata sinadaran cirowa ke bayyana. Salter da abokansa sun nuna haka a 2014, kuma a jerin gurɓatattun da suka samu akwai Bradyrhizobium, Ralstonia da Methylobacterium. Kai da ke aiki a saiwa, Bradyrhizobium na iya zama ta gaske, tana iya zama ta kwalba. Ni yanzu ba na cirowa sai da bututun da ba komai a ciki, kuma ina aika shi karatu tare da sauran.

Mai_Lissafi

Ni ban yarda a riƙa wahalar da samfuri ba in akwai halin karatu mai zurfi. A karanta duka, a jera guntayen a kan jinom ɗin mai masauki a kwamfuta, a ware. Amma nan ma akwai tarko. Na taɓa neman bakteriyar Wolbachia a ƙuda na ga kamar ba ta nan, ashe guntayenta suna cikin jinom ɗin da na tace da shi. Ba lallai ne gurɓata ba, tun 2007 aka nuna cewa wani nau'in ƙuda, Drosophila ananassae, ta haɗiye kusan dukkan jinom ɗin Wolbachia cikin nata.

Yar_Kwari

Malam, ai ba kowace shuka ke da jinom a ajiye ba. Da me zai tace?

Mai_Saiwa

Gaskiyarki Malama, tawa ba ta da shi. Samfuran kuma a daskare suke, don haka hanyar fasa ƙwayoyin shuka a narkar da DNA ɗinsu ba za ta yiwu ba, tunda sanyi ya riga ya fasa wasu bakteriyar. Zan raba DNA ɗin biyu, rabi PNA, rabi 799F, da bututun banza a kowane ɓangare. Ganye_da_Tushe, a wane zafi ka sa matakin PNA?

Ganye_da_Tushe

Digiri 78, daƙiƙa 10, kafin matakin mannewar firaima. Ka sa ta kuloroflas da ta maitokondiriya tare, saiwa ta fi yawan maitokondiriya.