Doki mai ciwon baki: wace ragama za a hau shi da ita?

Mai Akawal: Salamu alaikum jama'a. Ingarma ne ɗan shekara 4, linzami ya yanka masa gefen baki, da an sa yana girgiza kai yana buɗe baki. Ana so a ci gaba da kilisa da shi ba tare da ƙarfe ba. Wace iri ta fi?

Likitan Dabbobi: Wa alaikumus salam. Malam, kafin a sayi komai a buɗe bakin. Daga shekara 2 da rabi zuwa wajen 5 doki yana famfara, bakinsa ba ya rabo da tsami. A duba abu uku: dasashin nan da babu haƙori inda linzami ke zama, ganda, da gefen turame. Turamen sama suna yin kaifi ta wajen kunci, na ƙasa ta wajen harshe. Idan ba a goge kaifin ba, madaurin hanci zai danna kunci a kansa, ka cire ƙarfe amma dokin ya ci gaba da girgiza kai, ka ce ragamar ce ba ta da kyau. Gugar haƙori sau ɗaya a shekara ta wadatar ga yawancin dawaki. Wasu kuma suna da ɗan ƙaramin haƙori gab da turmin farko na sama, linzami na bugunsa. Wannan cirewa ake yi.

Baba Shamaki: Gaskiyar likita. Linzaminmu na gado, mai harshe da ke tokarar ganda da ƙawanya da ke zagaye haɓa, an ƙera shi ne don ja ɗaya doki ya yi zamiya a gaban sarki. A hannun gwani da ƙyar ake taɓa shi. A hannun yaro mai rataya da ƙamazuru, wato igiyar da mahayi ke riƙewa, shi ke kawo jinin da kake gani. Don haka ka tambayi wa ke hawan dokin nan. Idan hannun bai canja ba, ciwon zai tashi daga baki ya koma hanci.

Mai Akawal: Ranka ya daɗe, na ji. To cikin waɗanda ake sayarwa fa?

Ɗan Kilisa: Fara da mafi sauƙi, wadda Turawa ke kira sidepull: madaurin hanci mai faɗi da zobe ɗaya a kowane gefe, ƙamazuru a zoben. Ka ja dama, kai ya bi dama, ka saki, matsi ya tafi nan take. Dokin da ya saba da ragama ya riga ya san wannan yaren.

Hakamo, wato ragama mai ƙarafa biyu a gefe da sarƙa a haɓa, kada sunan "babu linzami" ya ruɗe ka. Ƙarafan nan suna ninka ƙarfin hannunka, iya tsawonsu iya zafinsu, suna matse hanci da haɓa da ƙeya lokaci ɗaya. Birki gare ta, amma ba ta iya juya doki, domin in ka ja gefe ɗaya ƙarfen murɗewa yake ya tokari fuska. Ta dace da dokin da ya iya juyawa da taɓin ƙamazuru a wuya. Sunan hakamo ma daga Larabci ya samo asali, shakima, ya bi ta Sifaniyanci ya isa Amurka.

Akwai mai igiyoyi biyu da ke gittawa ƙarƙashin muƙamuƙi, wadda wani likitan dawaki Robert Cook ya yaɗa. Tana rungumar kai duka. Aibinta, igiyar ba ta saurin sakewa a cikin zobe, musamman in gumi da ƙura sun kama ta, kuma doki da sakin yake koyo, ba da jan ba.

Baduku: Ta farkon nan ba sai an yi odarta ba, Alhaji, kowane baduku da ke ɗinka kayan doki zai haɗa maka. Abin da za ka gaya masa: madaurin hanci faɗin yatsa biyu, fatar saniya ninki biyu, a yi masa shafi da fatar tunkiya mai gashi. Zobban su zama na tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, a ɗinke su, kada a buga ƙusa. A ƙara madauri ɗaya ƙarƙashin muƙamuƙi, in ba haka ba da ka ja hagu madaurin kuncin dama zai zame ya shiga ido. A lokacin hunturu a riƙa shafa man kaɗanya kaɗan, busasshiyar fata a bakin ɗinki take tsinkewa, kuma ba ta sallama.

Likitan Dabbobi: Wurin zamanta ya fi irinta muhimmanci. Shafa gefen fuskar dokin, za ka ji ƙashin kunci ya ƙare da ɗan tsini. Sauko yatsa biyu daga nan, a nan madaurin hanci zai zauna. In ya sauka ƙasa sosai ya hau inda ƙashin hanci ya sirance ya koma guringuntsi. Ja mai ƙarfi na iya fasa shi, kuma yana toshe iska. Doki ba ya numfashi ta baki, hancin nan kaɗai gare shi. Yatsa ɗaya zuwa biyu su shiga tsakanin madauri da fata. Bayan kowane hawa a duba wurin: kumburi, zubar gashi, ko farin gashi da ya fito daga baya, duk alamar matsi ya yi yawa.

Mai Akawal: Ragamar igiya mai ƙulli fa, ta roba da ake gani a kasuwa?

Ɗan Kilisa: Tana aiki, amma siririyar igiya ta fi fata cizo, ƙullin kuma yana danna fuska. Ga koyarwa a ƙasa ta yi. Kada a bar doki da ita a sake ko a kwana da ita a turke, ba ta tsinkewa in ta maƙale.

Baba Shamaki: Ga yadda za a sauya masa. Kwana uku zuwa biyar na farko kada kowa ya hau. Tsaya a kafaɗarsa, ja ƙamazuru ɗaya a hankali har ya kawo hanci, ka saki a daidai lokacin, ba bayan ya gama ba. Sau biyar kowane gefe. Sannan ja da baya taku biyu. Minti goma sha biyar ya isa. Bayan nan a hau a cikin gida ko fili mai katanga, tafiya kawai, ana juyawa ana tsayawa, murya da zama su riga hannu. Kada a riƙe ja dindindin, hanci yana mutuwa kamar yadda baki ke mutuwa, sai doki ya jingina a kai ya tafi da kai. In ya ɗauke ka, kada ka ja biyu tare, ƙarfinsa ya fi naka. Ja ɗaya ka zagaya da shi har ya lafa.

Abu ɗaya ban yarda da shi ba: a fitar da ingarma hawan sallah da ragama zalla. Ga bindiga, ga algaita, ga wasu ingarmu kafaɗa da kafaɗa, ga yara a bakin hanya.

Ɗan Kilisa: Baba, ai a gasar doguwar tafiya da ta tsallake shinge ana shiga da hakamo.

Baba Shamaki: Ana shiga, ɗana, da dokin da aka shekara ana horarwa a kai. Wannan sati nawa gare shi? In bakin bai warke ba kafin sallah a bar shi a barga. In ya warke, a sa masa linzami mai karyewa a tsakiya marar harshe, ƙamazuru biyu: a yi aiki da na hanci, na baki yana kwance a wuya.