Ina iyakar miƙa wuya ga nufin Allah, ina kuma sakaci ya fara?

Maman Rahila:
Salama 'yan'uwa. Zumuntar mata za ta yi nazari a kan tawali'u da miƙa wuya ga ikon Allah, masu zuwa kuma kashi biyu ne. Wasu in yaro ya kwanta da zazzaɓi, ko dangin miji sun ƙwace gona, sai su ce haka Allah ya so, su naɗe hannu. Wasu kuwa addu'arsu umarni ce, har wa'adi suke ɗibar wa Allah. Waɗanne nassosi ne za su raba wannan gardama, da wanne kuma za a fara?

Fasto Bitrus:
Mama, sannu da hidima. Ku fara da Maimaitawar Shari'a 29:29, domin nan ne aka raba abu biyu: asirai na Allah ne, abin da ya bayyana kuma namu ne mu aikata. Ko yaron zai warke, wannan asiri ne, a nan ake miƙa wuya. Amma kula da mara lafiya da tsaya wa gwauruwa an riga an umarce mu, a nan biyayya ake nema. Kashi na fari sun ɗauki miƙa wuya sun kai ta wurin da ba nata ba.

Daga nan ku karanta Ayyukan Manzanni 27 gaba ɗaya, kada ku tsinci aya. Mutum 276 ne a jirgin ruwan da guguwa ta kama, mala'ika ya riga ya gaya wa Bulus ba wanda zai mutu. Duk da haka a dare na goma sha huɗu, da matuƙan suka sauke ƙaramin jirgi da sunan za su jefa anka, alhali gudu za su yi, Bulus ya ce wa jarumin da sojojinsa in mutanen nan ba su zauna ba, ba za ku tsira ba. Sojoji suka yanke igiyoyin. Bulus kuma ya matsa wa kowa ya ci abinci. Allah da ya ƙaddara tsirarsu, shi ne ya ƙaddara ta bi ta hannun matuƙa da gurasa. Haka Hezekiya a 2 Sarakuna 20: an ƙara masa shekara 15, amma annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure a kan marurun. Saboda haka a yi wa yaro addu'a, a kuma kai shi gwajin jini a ranar, ba sai ya fara jijjiga ba.

Dattijo Ishaya:
Baba Fasto ya gama da kashi na fari. Na biyun ya fi wuyar gyara, don girmankai ne sanye da rigar bangaskiya. Ku kai su Getsamani, Matiyu 26:36-46. Yesu ya faɗi abin da yake so a fili, har sau uku, a ɗauke masa ƙoƙon, sa'an nan ya bar hukunci ga Uba. Tsarin ke nan, a roƙa dalla-dalla, a maimaita, a sallama. Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar, aka ba shi alheri, ƙayar kuwa tana nan (2 Korantiyawa 12). Abokan Daniyel uku sun ce Allah na da ikon cetonsu daga tanderu, ko bai cece su ba kuma ba za su yi wa gunki sujada ba.

Illar koyarwar umarni ita ce, in amsa ba ta zo ba dole a nemi mai laifi, sai a ce wa mai ciwon bangaskiyarta ce ta gaza. Ta kwana da ciwo, ta tashi da zargi.

Malama Hannatu:
Mama, ku ware wa zancen ta'aziyya lokacinsa, nan ne aka fi kuskure. Ayuba ne da bakinsa ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa. Mai rashi ke faɗin wannan in ya kai ga faɗa, baƙo ba ya cusa masa. Abokansa sun zauna kwana bakwai ba magana, ba a kama su da laifin komai ba. Da suka buɗe baki suna bayyana dalilin Allah, a sura 42 fushinsa ya sauka a kan Elifaz da sauran biyun. Masu zuwa gaisuwa su zauna, su kai abinci, su karanta Zabura 13 ko 88, su yi gajeriyar addu'a. Kada su hana kuka.

Maman Rahila:
Na gode ƙwarai. To batun gona fa, Baba Fasto? Akwai masu cewa neman hakki rashin tawali'u ne.

Fasto Bitrus:
Ba haka ba ne, Mama. 'Ya'yan Zelofehad mata biyar sun nemi gādon mahaifinsu a gaban Musa, Allah ya ce gaskiyarsu (Littafin Ƙidaya 27). Bulus ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Abin da Romawa 12:19 ta hana shi ne ramuwa. In masu ƙwacen 'yan ikkilisiya ne, a bi Matiyu 18:15-17: a same su a keɓe, in sun ƙi a koma da shaida ɗaya ko biyu, in sun sāke ƙi a kai gaban dattawa. In ba masu bi ba ne, ko sun ƙi jin ikkilisiya, a je wurin mai unguwa ko hakimi, daga nan kotu. Matar da aka ƙwace wa gonar ta tanadi takardar aure da ta gonar in akwai, da sunayen maƙwabtan da suka san iyaka, dattawa biyu kuma su raka ta duk inda za ta.